Tun Ran Gini Ran Zane: Darasi Kan Adon Gine-ginen Hukuma da Iskar Abijan

Kafin kowa ya buɗe littafi, ku matso ku dubi abin da na ajiye a kan tebur. Ɓallin kankare ne, bai kai faɗin tafin hannuna ba. A unguwar Ajame ta nan Abijan na tsince shi, a gindin wani bango da aka yi wa zane shekarun baya, zanen mata 'yan kasuwa ɗauke da tiren kaya, ga motar gbaka tana lodi a bayansu. Ku dubi fuskarsa. Shuɗin fentin ya koɗe, in ka shafa sai ya bar maka gari a yatsa kamar alli. To, ku juya bayansa. Kun ga wannan kwarmin mai launin taunannen goro? Nan rodi ya kwanta. Ba wanda ya daki bangon da guduma. Ƙarfen cikinsa ne ya kumbura ya turo ɓallin waje, ya tafi da rabin fuskar matar da mai zane ya yi kwanaki yana gyarawa.

Abin ya taɓa ni, domin na san bangon tun yana sabo. Yau za mu bincika me ke cin siminti da ƙarfe a garin nan, me ke cin launi, sannan me ya kamata masu raba kuɗin jama'a su sani kafin su sa hannu a takardar kwangila.

Daga ina kuɗin ado ke fitowa

A ƙasashe da dama, idan hukuma za ta gina makaranta, kasuwa ko asibiti, doka kan ce a ware wani ɗan kaso na kuɗin ginin don aikin masu zane da sassaƙa. Faransa ta fara nata a 1951 da gine-ginen makarantu, kashi 1 cikin 100, kuma zuwa yau an yi ayyuka fiye da 12,000 ta wannan hanya. Birnin Filadelfiya a Amurka ya kafa irin wannan tsari a 1959, birnin New York a 1982. Nan kusa da mu, Senegal ta yi dokar ƙawata gine-ginen hukuma a 1968, zamanin Shugaba Senghor.

Lissafin ba wuya. Idan ofishin magajin garin Ajame ko na Tireshbil zai gina kasuwa ta sefa miliyan 500, kashi ɗaya shi ne miliyan 5. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Na san akwai wanda zai ce a ransa, Malam, ai mu ba ruwanmu da gumaka. Ado ya fi mutum-mutumi faɗi. Zanen dagi a goshin zaure ado ne, rubutun ajami a bangon makaranta ado ne, tagar ƙarfe da maƙeri ya murɗa ado ce, kuma duka ruwa ɗaya ke dukansu.

Iskar da muke ciki

Abijan tana samun ruwan sama tsakanin milimita 1,600 da 2,000 a shekara, mafi yawa a watan Yuni. Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba, Maraɗi kuwa wajen 500 take samu. Laimar iska a nan takan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni, ga zafi da ba ya sauka ƙwarai ko da dare. Shi ya sa rigar da uwarka ta shanya da safe take kwana da danshi.

Sai gishiri. Tireshbil tana kan tsibiri ne, tafkin Ebriye da muke ce wa lagun ya kewaye ta. Tun da aka fasa mashigin Vridi a 1950 don jiragen ruwa su shigo tashar, ruwan teku ke kutsowa cikin lagun, ya fi gishiri da rani, ya tsarme da damina. Gadar Houphouët-Boigny ta 1957, da gadar De Gaulle ta 1967, da Fadar Al'adu ta Bernard Binlin-Dadié da aka buɗe a 1999 a tsakaninsu, duk a bakin wannan ruwa suke tsaye. Ajame ta ɗan yi nisa da gishirin, amma tana da nata rabon: hayaƙin motocin tasha da na titin Nangui Abrogoua daga asuba har dare.

Yadda siminti ke gadin ƙarfe

Ana yin siminti ne da dutsen farar ƙasa da yumɓu, a ƙona su a wuta mai zafin digiri kusan 1,450, a niƙe. Idan aka kwaɓa shi da ruwa, ba bushewa yake yi kamar laka ba, haɗuwa yake da ruwan ya zama wani sabon abu mai tauri. Cikin abubuwan da ke fitowa a wannan haɗuwa akwai sinadarin kalsiyam haidiroksaid, ɗan uwan farar ƙasar da ake shafa wa bango, kuma alkali ne mai ƙarfi.

Me ake nufi da alkali? Kishiyar tsami ne. Masana suna auna wannan da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana 7. Lemon tsami yana wajen 2. Kanwa da ruwan toka suna sama da 7. Ruwan da ke cikin ƙananan ƙofofin sabon kankare kuwa yana tsakanin 12.5 da 13.5.

Mu gani da idonmu. Ga kofuna uku na zoɓo, wanda a nan ake kira bisap, na dafa shi ba sukari. Na matsa lemon tsami a na farko: kun ga jan ya ƙara haske. Na jefa ɗan gutsuren kanwa a na biyu: ya yi duhu, yana karkata zuwa shuɗi-kore. A na uku zan zuba rabin cokali na garin siminti. Ku lura, ya koma kore nan take, in muka bar shi zai dusashe zuwa ruwan ɗorawa. Launin zoɓo yana juyawa ne gwargwadon tsami ko alkalin da ya tarar. Kada kowa ya taɓa kofi na uku da hannu, balle baki. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata, ku tambayi duk leburan da ya yi kwaɓi ba takalmin roba.

Wannan alkali da ke cin fatar mutum shi ne garkuwar ƙarfe. Rodin da ke kwance cikin kankare mai pH 13 yakan yi wata siririyar fata a jikinsa, wadda ido ba ya gani, ta hana ruwa da iskar oksijin su ci shi. Muddin alkalin na nan, kuma gishiri bai shiga ba, rodi zai shekara aru-aru lafiya.

Amma iska tana da haƙuri. Iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa da numfashi, wadda bututun motocin gbaka da woro-woro ke fesarwa, tana shiga ƙofofin kankare ta haɗu da alkalin. Ku rubuta:

Ca(OH)₂ + CO₂ → CaCO₃ + H₂O

Ma'ana, farar ƙasar ta koma dutsen da aka ƙona tun farko. Kankaren bai yi laushi ba, amma pH ɗinsa ya faɗo wajen 9, garkuwa ta tafi. Abin yana farawa daga fuskar bango yana nutsawa ciki sannu a hankali. Injiniyoyi suna gane inda ya kai ta hanyar fasa ɗan wuri su fesa sinadarin finolftalin: inda alkali yake da ƙarfi sai ya yi ja-ja mai haske, inda iska ta cinye sai ya zauna fari. Ranar da farin ya isa rodi, ranar tsatsa ta samu ƙofa.

Yawan laima kan rage saurin shigar wannan iska, domin ruwa yana toshe ƙofofin. Sai dai bangon da ke jiƙewa yau ya bushe gobe, irin namu, ya haɗa masifa biyu: in ya bushe iska ta shiga, in ya jiƙe tsatsa ta ci. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa girma, ninki biyu har zuwa shida. Ba ta da wurin zama, sai ta tura. Kankare yana jure danni amma ba ya jure ja, sai ya tsage bisa layin rodi, ruwa ya ƙara samun hanya, daga nan ɓalli ya faɗo kamar wannan.

Yanzu ga lissafin da nake so ya zauna muku. Zurfin da iskar ke kaiwa ba ya tafiya kai ɗaya da shekaru. In kana so ta ninka zurfinta sau biyu, sai ta ninka lokacinta sau huɗu. Mu ƙaddara wani bango da iska ke cin milimita 10 na farko a shekara 4. Milimita 20 zai ɗauke ta shekara 16. Milimita 40, shekara 64. Ku dubi bambancin: kaurin yatsu biyu na kankare a kan rodi shi ne tsakanin zanen da zai rushe kafin ka gama sakandare da wanda jikokinka za su gani. Na auna ɓallin nan da rula, daga kwarmin rodi zuwa fuskar fenti milimita 9 ne. Tsohuwar ƙa'idar gini ta Faransa da ake kira BAEL, wadda injiniyoyi da yawa a ƙasashenmu suka koya, ta ce santimita 3 ga bangon da ruwan sama ke duka, santimita 5 ga wanda iskar teku ke bugu. Abin da ke tabbatar da wannan tazara ba wani injin tsada ba ne, 'yan gutsattsarin siminti ne da ake tokare rodi da su don kada ya jingina da katako lokacin zuba kankare. Su ne ake mantawa da su idan ana gaggawa.

Gishiri ba ya jira

Sinadarin kuloraid da ke cikin gishiri ya fi kabon dayoksaid mugunta, domin ba ya jira alkali ya ƙare. In ya taru ya kai wani mizani, sai ya huda fatar rodi a wuri guda ya yi ta haƙa rami. Yana zuwa ta iskar teku, yana tasowa ta ƙasa mai gishiri, kuma mafi muni, yana shiga tun ranar kwaɓi idan an yi aiki da yashin bakin teku ko na lagun da ba a wanke ba. Wanda ya yi haka ya binne cutar a cikin ginin da hannunsa.

Me ya sa launi ke gudu

Fenti abu uku ne: garin launi, ɗankon da ke riƙe shi a bango, da ruwan da ke tsinka shi ya ƙafe bayan an shafa. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa ultirabayolet, mai ƙarfin tsinka ƙananan ƙulle-ƙullen da ke cikin sinadarai. In ya tsinka ɗanko, garin launi ya saki, shi ne allin da ya maƙale muku a yatsa. In ya tsinka launin kansa, zane ya koɗe. Launukan da aka haɗa daga sinadaran man fetur, musamman wasu ja da ruwan hoda masu ɗaukar ido, su ne kan fara gudu. Launukan ƙasa, irin jar ƙasa da rawaya masu sinadarin ƙarfe, ba sa jin rana. Dalilin kuwa mai sauƙi ne: su tsatsa ce tun asali, iska ta riga ta gama da su.

Akwai kuskuren da nake gani a kai a kai. An gama filasta ranar Litinin, biki ranar Asabar, sai a kira mai fenti ranar Laraba ya shafa fentin mai. Kun san yadda ake sabulun salo: mai da ruwan toka. To, fentin mai a kan ɗanyen siminti haka yake, mai ya gamu da alkali, sai ƙasan fentin ya koma sabulu, ya yi santsi ya kwaɓe. Shi ya sa ake cewa a ba sabon siminti aƙalla kwana 28, kuma a tabbata ya bushe. Haka in ruwa na bin bayan bango, daga rufi mai yoyo ko daga ƙasa, yakan kwaso gishirin cikin bulo ya ajiye a fuska kamar farar kanwa, ya ɗaga fenti ya yi bororo. Gansakuka da fumfuna kuma su mamaye gefen da rana ba ta cika dukansa ba.

Magani yana nan. Akwai fentin silika, wanda wani Bajamushe mai suna Keim ya yi wa rajista a 1878, wanda ke haɗewa da jikin filasta maimakon ya kwanta a kai kamar leda, kuma yana barin bango ya fitar da danshi. Akwai tayil, wanda muke ce wa karo, mai launin da aka gasa a wuta, rana ba ta koɗar da shi. Sun fi tsada a ranar saye. A ganina, a gari mai ruwa irin namu su ne masu araha.

Tagulla, waya da igiya

Tagulla, wato jan gaci da aka haɗa da kuza, takan yi kore a waje, kuma wannan koren yakan kare ta. Amma gishiri kan mai da shi gari mai ci gaba da cin ƙarfen, sai an riƙa wankewa ana shafa kakin zuma ko makamancinsa. Kuma kada a haɗa ƙarfe iri biyu a wuri mai danshi, domin sukan zama kamar batir, ɗaya ya cinye ɗaya. Haka ta faru da babban mutum-mutumin 'Yanci na New York, wanda aka ƙaddamar a 1886: fatarsa jan gaci, haƙarƙarinsa baƙin ƙarfe, iskar teku ta shiga tsakani, dole aka sauya sandunan da ƙarfe marar tsatsa tsakanin 1984 da 1986.

A nan gida, Christian Lattier, haifaffen Grand-Lahou a 1925, wanda ya ci babbar kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966, da waya da igiya yake sassaƙarsa, da hannunsa kawai. Ya yi wa filin jirgin saman Abijan wani babban aiki kan zamuna uku na Kodebuwa, daga baya aka ɗauke shi daga mazauninsa lokacin gyaran filin. Ya rasu a 1978. Ku yi tunani da ilimin da kuka samu yau: waya mai tsatsa, igiya mai shan laima. Irin wannan aiki rayuwarsa tana hannun rufin da ke kansa da mutumin da aka ɗora wa kula da shi.

Abin da magina na dā suka sani

Wanda ya taɓa zuwa Birnin Zazzau, ko tsohon garin Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ya ga gidajen ƙasa masu zane a fuska. Ana fitar da zanen ne da hannu tun yaɓe yana ɗanye, shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai gama gini sannan ya nemo mai ado ba. Bakan da ke ɗauke da rufin shi ne adon. Don kare bango daga ruwa suna da makuba, daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Kuma kowane maigida ya san kafin damina sai an duba indararo an sake yaɓe. Ba su ɗauki gini a matsayin abin da ake gamawa a juya baya ba. Siminti ne ya zo ya ruɗe mu, muka zaci shi ba ya tsufa.

Mu koma kan miliyan 5

In da magajin gari zai zauna a bencin nan, ga abin da zan roƙe shi. A kira mai zane tun ana zana taswirar gini, ya zauna da injiniya, su zaɓi bangon da ke da 'yar rumfa a kansa da indararon da ba zai zubo ruwa a fuskarsa ba. A rubuta kaurin kankaren da zai rufe rodi a cikin kwangila, a aiko mai dubawa ranar zubawa da rula a hannunsa, a hana yashi mai gishiri. Kada a kashe miliyan 5 ɗin duka ranar yanke ƙyalle. A ajiye wani kaso a asusu na dabam don wanki, toshe tsaga da sabunta launi, a rubuta sunan ofishin da alhakin ya rataya a wuyansa, da inda aikin zai koma in an tashi gyaran ginin. A ajiye takardar da ta faɗi irin fenti da launin da aka yi aiki da su, don mai gyara na gaba kada ya yi ta lalube. Kuɗin nan na mai sayar da abincin attieke ne da mai tura baro da ke biyan tikitin kasuwa kullum. Ban ga dalilin da za a saya musu abin da damina uku za ta wanke ba, alhali sanin yadda za a hana hakan bai fi abin da muka yi a awa ɗaya yau ba.

Aikin gida

Kowa ya nemi ƙusoshi huɗu na baƙin ƙarfe, ba masu farin rufi ba, ya goge su da samfefa har su yi ƙyalli. Ku samu kwalabe huɗu masu tsabta. Ta farko ruwan famfo, ta biyu ruwa da cokali ɗaya na gishiri, ta uku ruwa da cokali ɗaya na garin siminti, ta huɗu man gyaɗa zalla. Ku jefa ƙusa ɗaya a kowace, ku liƙa takarda mai suna da kwanan wata, ku ajiye inda ƙannenku ba za su kai hannu ba. Kullum da yamma ku rubuta abin da kuka gani, har kwana bakwai.

Sannan kowa ya zaɓi bango ɗaya mai zane ko rubutu a hanyarsa ta zuwa makaranta, ko a Ajame ko a Tireshbil. Ku rubuta ina yake fuskanta, gabas ko yamma, akwai rumfa a kansa ko babu, wane launi ya fi koɗewa, kuma akwai tsaga mai zubar da jan ruwa ko babu. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin baranda mai tsaga, kada kuma ya ɓantari bangon mutane. Ku zo da kwalaben da littattafanku ranar Litinin ta sama. Wanda ƙusarsa ta cikin ruwan siminti ta yi tsatsa, kada ya zubar, ya kawo mu duba tare.